Titin Ƙofar Doka Zuwa Fada: Tarihinsa da Sufurin Jama'a a Birnin Zariya

Gabatarwa

Duk wanda zai shiga Birnin Zariya daga wajen Tudun Wada, a ƙasa yake ko bisa abin hawa, galibi ta Ƙofar Doka zai bi. Daga bakin ƙofar titi ya miƙe kudu, ya ratsa unguwanni har Babban Dodo da Ƙofar Fada, sa'annan ya rarrabu: wani reshe ya nufi kasuwar birni, wani ya zarce Ƙofar Gayan, wani kuma ya karkata wajen Ƙofar Kuyambana. Wannan shi ne babban titin birni, kuma a kansa ne akasarin ma'aikata da 'yan makaranta da 'yan kasuwa suke fita da safe su komo da yamma.

Yaran yanzu suna ɗauka tun fil azal haka titin yake. Ba haka ba ne. Ƙofa ɗaya ce daga cikin ƙofofi, hanya ɗaya daga cikin hanyoyi, har zuwa lokacin da jirgin ƙasa ya iso ya janye aiki da ciniki zuwa bayan ganuwa. Tun daga wancan lokaci Bazazzagi ya zama mai kwana a birni, mai wuni a waje. Abin da ya kamata malamai su lura da shi kuwa shi ne, a cikin shekaru fiye da ɗari da aka yi ana wannan kai da komo, ba a taɓa samun tsayayyen tsarin hukuma na ɗaukar mutane a kan wannan titi ba. Talaka ne yake ɗaukar talaka ɗan'uwansa.

Kafin zuwan Turawa

Masana tarihi sun fi karkata ga cewa a ƙarni na 16, wajen 1536, aka mayar da gadon sarautar Zazzau wannan wuri, a zamanin Bakwa Turunku. Ganuwar da ta kewaye garin tsawonta ya kai kimanin kilomita 14 zuwa 16, kuma ana lissafa mata ƙofofi 8: Doka, Kibo, Jatau, Kuyambana, Gayan, Kona, Galadima da Bai. Kowace ƙofa da mai tsaronta, ana rufewa da dare a buɗe da asuba. Kowace kuma da ƙasar da take fuskanta. Ƙofar Doka tana arewa, wato wajen Kano, Ƙofar Gayan kuwa tana kudu, inda Zazzau ta fi yawan ƙasa da talakawa. Idan aka yi la'akari da cewa ƙarfin masarautar a ƙarni na 19 daga kudu yake zuwa, har Keffi da Nasarawa da Jama'a suna ƙarƙashinta, za a gane cewa ƙofofin kudu ba su gaza ta Doka muhimmanci ba.

Cikin ganuwar ba cike yake da gidaje ba. Baturen nan matafiyi Clapperton, wanda ya ratsa Zariya a 1826, ya tarar da gonaki da fadamu da manyan itatuwa a cikin gari, ko da yake ya ƙiyasta mutanensa tsakanin 40,000 da 50,000. An bar filayen ne da gangan, domin idan abokan gaba suka kewaye gari a sami wurin noma da kiwo. Saboda haka wanda ya shigo ta Ƙofar Doka a wancan zamani sai ya yi 'yar tafiya tsakanin gonaki da rimaye kafin ya tarar da cunkoson gidaje a kewayen fada da kasuwa.

Ita hanyar kanta turba ce ta ƙafa da kofato. Faɗinta bai wuce abin da jaki da mangalarsa zai gifta ɗan'uwansa ba, sai a ƙofar fada da bakin kasuwa ne take buɗewa ta zama fili. Ba a san keken shanu ko wani abu mai ƙafar gare ba a ƙasar Hausa, don haka babu dalilin miƙe hanya ko daidaita ta. Gida yana bin gida, katanga tana lanƙwasa inda mai ita ya ga dama, lungu yana ɓullewa ko ya mutu a ƙofar wani zaure. Wannan siffa ta gari ita ce har gobe take hukunta irin abin hawan da zai iya aiki a birni, kamar yadda za a gani nan gaba.

Masu sarauta da barorinsu su ne masu doki. Fatake suna da jakuna da takarkarai, wani lokaci da raƙuman Buzaye masu kawo gishiri da kanwa. Sauran kaya a ka ake ɗauka, aikin 'yan alaro da bayi. Ba zai yiwu a ba da tarihin hanyoyin Zazzau a ɓoye wannan ba: bayi suna cikin manyan hajojin da suka bi ta waɗannan ƙofofi zuwa Kano da Sakkwato. Abin da muke kira sufurin jama'a a yau, wato mutum ya biya kuɗi a ɗauke shi daga wannan unguwa zuwa waccan, babu shi, kuma babu bukatarsa. Masaƙi da marini da maɗinki da malami duk a unguwarsu suke sana'a. Kasuwa tafiyar ƙafa ce. Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu (1834–1846), yana nan gab da fada, a tsakiyar gari.

Yadda jirgin ƙasa ya juya fuskar gari

Turawan Ingila sun shigo Zariya a 1902, a zamanin Sarki Kwasau, suka tuɓe shi, aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903. A 'yan shekarun farko hanyoyi ba su canza sosai ba. Canjin ya zo ne da Girouard, wanda ya gaji Lugga a 1907. Shi injiniyan hanyar jirgi ne, a zamaninsa aka soke kuɗin fiton da ake karɓa daga ayarin fatake, aka kuma fara shimfiɗa dogo daga Baro a bakin Kwara zuwa Kano. Dogon ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911.

Abin lura a nan shi ne inda aka ajiye tashar. Ba a kawo ta bakin ganuwa ba, sai aka kafa ta can arewa, a ƙetaren rafin Kubanni. A kewayenta kamfanonin Turawa suka gina kantuna da rumbunan ajiya, har sunan ɗaya daga cikinsu, Paterson Zochonis, ya bi wurin, ana ce masa PZ har yau. Aka kafa injin gurzar auduga. Aka yanka Sabon Gari saboda ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu, aka yanka Tudun Wada tsakaninsa da birni saboda baƙi 'yan Arewa. Turawa suka keɓe tasu unguwar, kuma dokarsu ta tsara garuruwa ta 1917 ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin mazauninsu da na 'yan ƙasa. Da haka Zariya ta zama gari huɗu a warwatse, kowane da ratar daji tsakaninsa da ɗan'uwansa.

Ba a daɗe ba Zariya ta zama mahaɗar jiragen ƙasa. Ƙaramin dogon da ake kira na Bauci ya tashi daga nan zuwa ƙasar kuza, ya isa Jos da Bukuru wajen 1914, ya yi aiki har aka rufe shi a 1957. Wani reshen ya nufi Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. A 1924 aka kafa barikin horar da kuratan soja. Duk waɗannan a arewacin ganuwa suke. Manomin da zai sayar da auduga, da madugun da ya koma dillalin kamfani, da lebura mai neman kuɗin haraji, da Sarki kansa idan zai gana da Razdan, kowa sai ya fita ta ƙofar da ta fi kusa da Tudun Wada da tasha. A nan ne Ƙofar Doka ta tsere wa 'yan'uwanta.

En'e ta bi sawu. Ofisoshinta da baitulmali da kotuna suka taru a kewayen fada, gidan yari da makarantar da yanzu ake kira Alhudahuda, wadda tushenta ke komawa 1910, suka zauna a ɓangaren Ƙofar Doka. Aka faɗaɗa turbar da ta haɗa su domin mota ta iya bi, aka zuba mata marmara, daga baya kwalta. Tsohuwar ƙofar ƙasa, wadda aka yi domin mahayi ɗaya ko biyu, ba ta iya ɗaukar babbar mota, sai aka buɗe ganuwa. Kusan kowace faɗaɗawa da aka yi wa titin nan tun daga lokacin, da ganuwa ko da zauren wani aka biya ta.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma sai makarantu da ma'aikatu suka ƙara jan mutane waje. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Makarantar horar da akawuna ta Kongo ta buɗe a 1947, kwalejin da ake kira Barewa ta dawo Zariya a 1949. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Samaru a Oktoban 1962, makarantar koyon tuƙin jirgin sama a 1964. Daga fada zuwa Samaru ya haura kilomita 10. Masinja ko mai gadi ko akawu ɗan birni da ya sami aiki a jami'a, ba ya barin gidan gado ya koma haya, kuma ba ya iya zuwa a ƙasa kullum. Bukatar abin hawa na haya a nan ta samo asali.

Daga keke zuwa bas

Abin da ya fara cike wannan giɓi shi ne keke. Daga shekarun 1930 har zuwa na 1970, keken Raleigh shi ne dokin malamin En'e da malamin makaranta, kuma yana cikin abin da ake auna arzikin saurayi da shi. Akwai masu ba da hayar keke a unguwanni, ana biya bisa awa, yara da yawa a nan suka koyi hawa. Kaya kuwa amalanke da jaki da 'yan dako suka ci gaba da ɗauka daga Sabon Gari zuwa kasuwar birni. A ganina ba a yi wa keke adalci ba a tarihin garuruwanmu. Ƙasar Zariya shimfiɗaɗɗiya ce, keke ba ya shan mai, yana shiga kowane lungu, kuma da ƙwabo kaɗan mai faci zai tashe shi. Mun yar da shi ne saboda ganin ƙasƙanci, ba don ya gaza ba.

Motocin tasi da ƙananan bas-bas sun yawaita ne bayan yaƙin basasa. A ranar 2 ga Afrilu 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama, a farkon 1973 Naira ta maye gurbin fam, sa'annan kuɗin Udoji suka zo a tsakiyar shekarun 1970. Mu da muke 'yan makaranta a lokacin mun ga yadda babura suka cika gari cikin 'yan watanni, malamanmu da yawa suka jingine kekuna. Attajirai da tsofaffin direbobi suka sayi bas suka sa a layi. Layin kuwa shi ne wanda tarihi ya riga ya shata: daga birni ta Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada, a haye gadar Kubanni zuwa PZ da kasuwar Sabon Gari, wanda zai zarce Kwangila da Samaru ya sake wata motar.

Yadda aikin yake tafiya abu ne da ya cancanci a rubuta, domin yara ba su san shi ba sai a baki. Mai mota yana gida, ya yanka wa direba abin da zai kawo masa kowace yamma. Direba ya sayi mai, ya sallami kwandasta, ya biya 'yan kamasho kuɗin lodi a tasha, abin da ya saura shi ne nasa. Tunda haka ne, mota ba ta tashi sai ta cika, kuma ba ta da lokaci. Kujerar mutum uku a sa huɗu. Da sassafe da bayan la'asar ana kokawar shiga, da rana tsaka kuma fasinja ya zauna yana gumi ana jiran mutum biyu. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, wadda aka kafa a 1978, ita ce ta riƙe tsarin bin layi a tashoshi da sasanta rigima. Hukuma ba ta sa mota ba, ba ta gina wurin tsayawa ba, iyakarta karɓar haraji da lasin.

An yi yunƙuri daga sama. A 1988 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin sufurin jama'a na birane, aka rarraba wa jihohi manyan motoci. Amma motocin gwamnatin jiha sun fi ba da ƙarfi ga zirga-zirga tsakanin gari da gari, kamar Kaduna zuwa Zariya, ba tsakanin Babban Dodo da Sabon Gari ba. Abin mamaki, cibiyar nazarin fasahar sufuri ta ƙasa baki ɗaya, NITT, a Zariya aka kafa ta a 1986. Garin da ke koya wa Nijeriya tsarin sufuri, ga nasa titin a hannun kowa tasa ta fisshe shi.

Zamanin acaɓa

Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar Naira, sabuwar mota da kayan gyara suka fi ƙarfin masu haya. Motocin da ke layi suka tsufa, suka ragu. A daidai lokacin albashi ya daina kai ma'aikaci ƙarshen wata, masana'antu suka fara rage mutane. Ma'aikacin da ya sayi babur a zamanin Udoji sai ya fara fita da shi bayan an tashi aiki, yana kabu-kabu a ɓoye don kada a gane shi. Kafin shekarun 1990 su ƙare acaɓa ta zama sana'a sosai, samari daga ƙauyukan kewaye suna shigowa da rani suna yi. Shigowar babura masu araha daga Sin da Indiya bayan 2000 ta ƙarasa abin.

Ana yawan zagin ɗan acaɓa, kuma wani zagin da gaskiya: ganganci, haɗari, karaya, hayaƙi, da taron dangi a kan mai mota idan tsautsayi ya gifta. Amma ya kamata a tambayi dalilin da ya sa ya yi kasuwa a birni fiye da ko'ina. Amsar tana cikin siffar garin da aka ambata a baya. Bas iyakarta bakin kwalta. Mutumin Kwarbai ko Limancin Kona ko Unguwar Juma ko Kaura, gidansa yana can cikin lungun da aka yi domin jaki. Babur ne kaɗai abin hawa mai inji da ya gaji faɗin jaki. Shi zai ɗauko tsoho daga ƙofar zaurensa ya kai shi asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, shi zai kai buhun masara har cikin soro.

A 2014, zamanin Gwamna Mukhtar Ramalan Yero, aka yi dokar hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomin jihar, ciki har da Zariya da Sabon Gari, bisa dalilan tsaro. Gwamnatin da ta biyo baya ma ta sake jaddada hanin. Dalilin ba abin rainawa ba ne, domin shekarun tashin bama-bamai ne. Sai dai an hana abu ba a kawo madadinsa a lungu ba, don haka dokar ta fi aiki a takarda da kan manyan tituna. A cikin unguwanni kuwa babur bai daina ɗaukar mutane ba.

Keke mai ƙafa uku, wanda ya samo sunan Keke Napep daga shirin rage talauci na 2001, shi ya fi cin moriyar wannan hali. Ya karɓe mafi yawan aikin da bas take yi tsakanin birni da Tudun Wada da Sabon Gari. Ga matan aure da tsofaffi ya zama sauƙi babba, domin hawan babur a bayan namijin da ba muharrami ba abu ne da gidaje da yawa a birni ba su taɓa sakin jiki da shi ba, larura ce kawai ta sa. Amma mutum uku ko huɗu yake ɗauka, ga shi yana tsayawa inda ya ga dama. Abin da bas ɗaya za ta kwashe sai keke huɗu ko biyar, kuma dukansu ta ƙofa ɗaya za su bi. Wanda ya tsaya a Ƙofar Doka da ƙarfe bakwai da rabi na safe ranar makaranta ya ga sakamakon.

Halin da ake ciki

Sau biyu a shekara titin yakan koma hannun masu shi na asali. Ranar Sallah Mai Martaba Sarki yakan fito zuwa filin Idi na Ƙofar Doka, ya komo fada cikin ayarin hakimai da 'yan bindiga da 'yan lifida, motoci da kekuna su kauce. Hawan Bariki kuma, wanda asalinsa ziyarar Sarki ce ga Razdan, yana bin sawun tafiyar nan ta birni zuwa waje wadda zuwan Turawa ya haifar. Marigayi Sarki Shehu Idris, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara 45 yana wannan hawa, daga 1975 zuwa 2020, kafin Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli ya gaje shi.

Sauran ranakun shekara kuwa na mai neman abinci ne. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya ɗaga farashin lita daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000. Kuɗin abin hawa ya bi. Malamin firamare da ke zaune a cikin birni yana koyarwa a Samaru ko Basawa, hawa uku yake yi kafin ya isa: babur zuwa bakin titi, keke zuwa Sabon Gari ko Kwangila, sa'annan wata motar. Ya ninka wannan sau biyu a rana, kowace ranar aiki. Shugabannin makarantu sun san abin da ke biyo baya, wato makara da fashin aiki, da yaran da iyaye suka cire daga makaranta mai nisa ba don ba ta da kyau ba. An kuma ga mutane sun koma tafiyar ƙasa daga Tudun Wada zuwa birni, a gefen titin da ba a tanadar wa mai tafiya a ƙasa isasshen wuri ba.

Duk lokacin da aka yi maganar cunkoso, shawarar da ake fara kawowa ita ce a ƙara faɗin titi. Ina ganin a yi hattara. Faɗaɗawa ba ta rage yawan hawa ukun da malamin nan yake yi, ba ta kuma rage masa ko sisi. Abin da take ci shi ne ragowar ganuwa, wadda masu ɗibar ƙasa da masu gini suka riga suka cinye mafi yawanta, da tsofaffin zaurukan bakin hanya masu zanen hannun magina irin na gidan Babban Gwani. Abin da titin ya rasa tun 1911 shi ne mota babba mai lokaci, wadda za ta tashi daga Ƙofar Gayan ta bi ta Babban Dodo da Ƙofar Doka har Samaru a kuɗi ɗaya, da wuraren tsayawa sanannu inda babur da keke za su jira su shigar da mutane lungu. Ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari ne titin ya ratsa, don haka ɗayarsu ba za ta iya ita kaɗai ba, sai da jiha da ƙungiyoyin direbobi da amincewar fada.

Akwai kuma batun jirgin ƙasa, wanda shi ya fara ɗaukaka wannan titi. Tsohuwar tashar ta yi sanyi tun shekarun 1980 da harkar reluwe ta durƙushe, manyan motoci suka ɗauke kaya, hanyar Kaduna zuwa Kano mai tagwayen layi ta zagaye gari ta Ɗan Magaji da Kwangila. A Yulin 2021 aka aza harsashin sabon dogo na zamani daga Kaduna zuwa Kano, wanda aka tsara zai ratsa ta Zariya. Ya kamata masu tsara gari su shata hanyar da za ta haɗa tasharsa da ƙofofin birni tun kafin jirgin farko ya tsaya, su kuma duba ko Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kibo za su iya rage wa Ƙofar Doka kaya.